Bar-su

A bayan kwatar Garwa aka tsince ta,
inda ungulaye ke rabon hanji da tsakar rana.
Daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinta,
kunne ɗaya kaska ta cinye,
a wuya ga shatin waya.
Wanda ya ɗaure ta bai waiwayo ba.

Baffa Hamajoda, tsohon malamin dabbobi,
shi ya naɗe ta a buhun auduga,
ya ɗora a bayan babur
har gidansa na Rumde,
inda karnuka goma sha ɗaya ke cinye masa fansho.
Ya raɗa mata suna Bar-su,
don maƙwabta su ji,
su kuma san da wa ake.

Wata bakwai yana koya mata zama,
da jira, da kallon fuskar mutum ba hannunsa ba.
Da Fulatanci yake ba ta umarni,
wai Hausa ta yi masa tsawo a baki.
Ladanta ɓallin busasshen kifin Binuwai,
bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Ran da ya yi sallama a ƙofata ya ce,
"Jaratu, ba ni rigar da Sanda ya faɗi a cikinta,
kar ki wanke."
Na dube shi kallon mai neman asiri.
Ya ce, "Farfaɗiya tana da wari,
mu ne hancinmu bai kai ba."

Ni da na sayar da tunkiya biyu,
na sha layi a asibiti tun kiran assalatu,
na shafa, na turara, na ba shi ya sha,
me ya rage min in hana?
Na miƙa rigar ta bayan labule,
ina jin kunyar kaina.

Sanda shekararsa tara.
Ya faɗi a murhu, ga tabon a gwiwar hannu.
Ya faɗi a makaranta, yara suka watse,
wai yawunsa na ɗaukar mutum.
Tun ranar ya daina amsa sunansa da ƙarfi.

Da aka kawo ta, surukata ta tattare tabarma.
Na ce, "Inna, a zaure za ta kwana,
kwanonta daban, igiyarta daban.
In ta lashi abu na san wankinsa,
ruwa ba ya ƙarewa a garin da ke da kogi."
Ba ta tanka ba. Kwana uku ba ta tanka ba.

Wata Laraba, zafin da ke narka kwalta,
yana tsugune bakin rijiya yana jan guga,
sai ta cafki ƙafar wandonsa,
ta ja, ta ja, tana wani kuka ƙasa-ƙasa,
har ƙarƙashin dalbejiya.
Ya zauna yana zaginta.
Kafin in ajiye muciya, abin ya zo.
A kan yashi ya same shi,
taku goma daga bakin rijiya.
Na ƙirga daga baya. Goma.

Ta kwanta jikinsa har ya farfaɗo,
ba ta gudu ba.
Ita ce ta farko da ba ta gudu ba.

Ciwon bai tafi ba, kar in yi ƙarya.
Ƙwayar asibiti muna sha safe da dare,
wani lokacin ma hancin nata kan makara.
Amma yanzu yana zuwa gada kallon dorina,
ita a hagunsa, kunne ɗaya a tsaye,
masu babur na yi musu ƙaho.

Jiya da magariba na leƙa zaure,
na tarar da kan kifi a kwanonta.
Ni ban sa ba.
Inna na can tana alwala,
tana wanke hannu fiye da yadda ta saba,
ba ta dube ni ba.